Yatsun Ya Gana

Can ƙarshen Azare, ta hanyar da ke fita Gamawa, akwai wata unguwa da mutanen gari ke kira Layin Barebari, ko da yake ba layi ɗaya ba ne, kuma ba Barebari kaɗai ke ciki ba. Mutanen da rikici ya koro daga Borno da Yobe ne suka fara zama a wurin. Filin na Alhaji Bahauddeen ne, shi ya yanka musu fuloti-fuloti, suka biya shi a hankali, kowa ya gina abin da ƙarfinsa ya kai. Takarda dai ba wanda ya riƙe. In aka yi masa maganarta sai ya yi dariya ya ce, "Haba jama'a, ni da ku har sai da takarda?"

A nan Ya Gana take da gida. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, sai 'yar tsakar gida da bishiyar lalle a kusurwa. Mijinta bai fito tare da su daga Borno ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce ga inda aka binne shi ba. Ita ce ke riƙe da surukarta, tsohuwa wadda idonta ya tafi, da 'yarta Husaina wadda ba ta kai shekarun zaɓe ba. Da sana'ar lalle ta gina gidan nan. Duk amaryar da aka yi a wannan ɓangare na Azare, in ka ga zanen ƙafarta ya fita ras, ba sai ka tambaya ba.

Ana saura 'yan makonni zaɓen gwamna da 'yan majalisa, Alhaji Bahauddeen ya tara mutanen unguwa a gindin darbejiyar masallaci. Shi ne jigon jam'iyyarsa a mazaɓar. Ya ce masu tsara gari za su zo bayan zaɓe, za a fitar da hanya, gidajen 'yan gari za a ba su takarda, na baƙi kuwa za a ɗauke.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, mu wanne ne a ciki?"

"Ni ban san Babarbare ba, ban san Bahaushe ba," in ji Alhaji. "Ƙuri'a na sani. An ba ku rumfar zaɓe a makarantar nan ta bakin hanya. Yarona Abdurrahim zai zauna a wurin tun safe. Gidan da ya ga mai shi ya dangwala ya jefa, wannan gidan ɗan gari ne, ni zan tsaya masa. Gidan da bai gani ba, to ni ma ban san shi ba."

Ya Gana ta dawo gida ta zauna a bakin ƙofa. A gidanta ita kaɗai ce mai katin zaɓe. Kuma katin ba da sauƙi ta same shi ba. Lokacin rajista ta yi ta zuwa tana dawowa, samari a bakin ƙofa suna cewa su koma Maiduguri su yi, nan ba garinsu ba ne. Ranar da aka ɗauke ta rana ta riga ta yi sanyi, janareta ya mutu, aka tsayar da ita jikin bango a wani aji mai duhu aka ɗauki hoton. In ka duba katin, farin hijabi kake gani da ƙwayar ido biyu, sauran duk baƙi. Amma dai sunanta ne a jiki, kuma tana ajiye shi a cikin leda a ƙasan akwati kamar sarƙar zinare.

To, a rediyo kullum ana jan kunnen mata cewa kada a yi lalle kusa da zaɓe, na'urar tantancewa ba ta karanta yatsa mai lalle. Ya Gana kuwa yatsunta ba su taɓa yin fari ba tun da ta fara sana'a. Sai ta yanke shawara ta ajiye aiki. Aka zo neman ta daga cikin gari ta ce ba ta da lafiya. Aka aiko daga Dambam ta ce ta yi tafiya. Miyar gidan ta koma kuka zalla, ba ta damu ba. Kullum da safe sai ta ɗaga hannunta wajen haske ta duba, baƙin yana ja da baya a hankali, har ranar da ta ga zanen babban yatsanta ya fito, layi-layi kamar kunyar gona. Ta kama hannun surukarta ta ɗora a kai ta ce, "Iya, taɓa ki ji." Tsohuwar ta ce ita ba ta ji komai ba sai yatsa.

Maƙwabciyarta Ya Fanna tana da bikin 'yarta Humaira, za a kai ta garin Katagum. Ya Fanna ce ta ba Ya Gana tabarma da kusurwar ɗaki ranar da suka sauka Azare ba su san kowa ba. Da gangan aka sa bikin mako guda bayan zaɓe, don kowa ya dangwala da yatsa fes, sannan a yi lalle son rai. Ana cikin haka sai aka wayi gari an ɗaga zaɓe da mako guda. Ya faɗa daidai kan bikin. Lalle ranar Laraba, ɗaurin aure da kai amarya Juma'a, zaɓe Asabar.

Aka aika Katagum a ga ko za a matsa. Dangin ango suka ce azumi ya ƙarato, an riga an gaya wa mutane har na Gamawa, ba za su ɗaga ba.

Ya Fanna ta shigo gidan Ya Gana ta zauna. Can ta ce, "Zan nemo wata daga cikin gari."

"Wace ce?"

"Ko wace ce."

"Humaira a hannuna ta girma tun muna zaune a ɗakinki," in ji Ya Gana. "Sai ranar lallenta za a kawo wata ta ɓata mata ƙafa? Ki bar ni, na san yadda zan yi."

Dabarar da ta yi ita ce, duk matar da ta zauna a gabanta ranar Laraba sai ta fara naɗe mata babban yatsan dama da salatif, ta ce wannan na gwamnati ne, sauran tara na amarya. Tsakar gidan Ya Fanna ya cika da dariya. Mata suka yi ta ɗaga yatsa ɗaya fari suna yi wa juna tsiya, wata ta ce in mijinta ya tambaya za ta ce lallen ne ya ƙare. Ita kuwa Ya Gana ta ɗaure hannayenta biyu da leda har wuyan hannu, tana kwaɓi tana shafawa, gumi na taruwa a ciki. Ledar ta yage ta sake wata. Haka ta yi ta yi har aka fito da amarya.

A wurinsu ba a sa wa amarya lalle da abu tsakanin hannu da fata. Wadda za ta sa tana sawa ne tana addu'a, hannunta a kan yarinyar. Ya Gana ta fara da ledar, zanen ya ƙi, layin ya yi kauri kamar na mai koyo. Ta ɗaga kai ta ga tsofaffi sun zuba mata ido. Humaira kuma tana kuka ƙasa-ƙasa a cikin mayafi, ta miƙo ƙafa. Sai Ya Gana ta kwance ledar ta ajiye.

Ta so ta ɗage babban yatsan sama ta yi da sauran, amma aikin nan da shi ake tsunkule lalle, da shi ake gyara bakin zane. Ta yi hannu, ta yi ƙafa, ta kwaɓa gishirin lalle da toka ta bi kai don ya yi baƙi. Lallen Humaira ya fita yadda har dangin ango suka yi ta magana. Da Ya Gana ta wanke hannu, yatsunta goma sun koma kamar an tsoma a tukunyar rini.

Tun safiyar Alhamis ta fara. Lemun tsami, ba abin da ya canza. Garin sabulu da ruwan zafi. Kalanzir. Wata ta ce toka da kanwa, ta gwada, hannun ya yi ta zafi, baƙin yana nan. Sai ta ɗauko dutsen goge kaushi. Shi ne ya fara nuna alama, don in ta goga sosai sai ta ga baƙin ya ɗan yi haske. Ta zauna bayan ɗaki tana ta goga, tana tsomawa a ruwa tana sakewa. Ranar Juma'a a cikin motar kai amarya mata suna waƙa, ita kuwa hannunta na ƙarƙashin mayafi da dutsen, tun daga Azare har suka ga gidajen Katagum. Dangin ango suka ce a kwana, ta ce ina, gobe zaɓe, ba mota a hanya. Ko abincin ba ta iya ci da hannu ba, sai da ta roƙi cokali. Da suka dawo, bakin yatsunta sun yi ja, sun yi santsi suna sheƙi. Ta duba ta ce alhamdu lillahi, baƙin ya tafi.

Asabar da sassafe ta yi wanka ta sa hijabin da ta yi hoto da shi, don kada na'ura ta rikice. Kafin ma'aikata su iso layi ya riga ya miƙe a filin makarantar, na maza da na mata kusa da juna. Rumfar ba ta Layin Barebari kaɗai ba ce, akwai mutanen tsohuwar unguwa da Fulanin rugagen bayan gari. A gefenta a layin maza akwai Malam Jaji, wani tsohon Bafulatani da matansa ke kawo nono unguwar. Fulani da Barebari kuwa abokan wasa ne, ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"A'a, baiwata," in ji shi. "Wa ya ba ki izinin fitowa ban sani ba?"

"Kai wa ya sake ka daga daji? Ka bar shanu da wa?"

"Na ce su jira ni, zan zaɓo musu gwamna. In na'urar ta yarda ke nan. Wancan karon na sa yatsa ta ce ba ni ba ne. Na ce to in ba ni ba ne, wa ya sha furata da safe?"

Mutane suka yi dariya. Wani malamin makaranta da ke bayansa ya ce, "Baba, ka daina zagin na'urar nan. Kafin ta zo, kowa ma zaɓe yake yi. Mahaifina sai da ya yi zaɓe biyu bayan rasuwarsa."

"Allah ya jiƙansa, ashe ya fi ni sa'a."

"Da gaske nake. In ba a tantance ba, mai kuɗi zai cika akwati a ɗakinsa, kai da ka tsaya a rana ka tashi a banza."

"Ban ce ƙarya kake ba, Malam. Amma hannunka alli yake riƙewa. Nawa sanda da igiya da guga. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa jan ruwa a rijiya ba."

Ya Gana tana ji, ta ƙara tura hannunta cikin hijabi.

Mai riƙe da na'urar wata yarinya ce mai yi wa ƙasa hidima, sunanta Laraba, daga kudancin jihar, Hausarta garau. A bayan teburin ejan-ejan na jam'iyyu suna zaune a benci. Abdurrahim na Alhaji yana gefe ɗaya yana bin kowa da ido. A ɗaya gefen akwai Talha, ejan na ɗaya jam'iyyar, mai shagon waya a bakin tasha. Jam'iyyarsu ta san cewa Layin Barebari na Alhaji ne.

Aka fara. Layi na tafiya a hankali. Wani tsoho na tsohuwar unguwa ya sa yatsa ya ƙi, ya sake ya ƙi, aka yi ta gwadawa, Talha da kansa ya tashi ya kawo masa ruwan leda ya wanke, yana cewa, "A yi haƙuri da Baba, a bi shi a hankali." Daga ƙarshe ta karɓa. Malam Jaji ma yatsansa ya ƙi, Laraba ta ɗaga na'urar ta ɗauki fuskarsa, ta karɓa nan take. Ya juyo ya ce, "Kin gani, baiwata? Kyau ne."

Ya Fanna ce a gaban Ya Gana. Ita salatif ɗinta ya zame ranar biki ba ta lura ba, babban yatsanta ya yi baƙi ƙirin kamar sauran. Tun a layi take salati, tana cewa ita dai ta san ba za ta wuce ba. Ta ɗora yatsan. Na'urar ta yi ɗan ƙara, Laraba ta ce, "Ya yi, Mama, je ki karɓi takarda."

Ya Fanna ta tsaya. "Da lallen?"

"Ai zanen yana nan. Wani lokaci tana ƙi, wani lokaci tana karɓa. Wuce."

Ya Gana ta tuna da dutsen goge kaushi. Ta miƙa katinta. Ta fito da hannu.

Laraba ta dubi yatsun ta dubi fuskarta. "Mama, ƙonewa kika yi?"

"A'a. Wankewa na yi."

Ta ɗora babban yatsa, zafi ya harba har gwiwar hannu. Ba komai. Ta sake dannawa da ƙarfi. Aka gwada manuni, aka gwada na tsakiya, aka koma hannun hagu. Na'urar ba ta ga komai ba, kamar an ɗora mata bayan cokali.

"Malama, ana ɓata mana lokaci," in ji Talha daga benci. "Ga mutane a rana."

"Bari in gwada fuska."

Laraba ta ɗaga na'urar. Ya Gana ta miƙe tsaye ta buɗe ido sosai yadda ta yi ranar hoto. Ta ƙi. Laraba ta ja ta inuwa ta sake. Ta ƙi. Ta duba hoton da ke cikin na'urar ta ce a hankali, "Wa ya ɗauki wannan? Ba a ganin komai."

Talha ya taso. "To kin gani. Yatsa ba nata ba, fuska ba tata ba. Haka ake yi mana, a kwaso mutane daga Borno har da Nijar a ba su katin wasu. Wa ya san ta a nan?"

Ya Gana ta juyo. "Talha? Ni ce fa. Ni na yi wa matarka lalle. A zaurenku na wuni, mahaifiyarka ta ba ni dambu."

Bai dube ta ba. "Baiwar Allah, yau ba ranar lalle ba ce. Doka ce. Na'ura ta ce a'a."

"Tsohon ɗazu sau nawa aka gwada shi?" Ya Fanna ce, ta riga ta jefa ta dawo. "Kai ka kawo masa ruwa! Shi ɗan'uwanka ne, mu kuma awaki?"

"Shi na san ubansa, na san kakansa."

"Namu kakannin ka je ka tono su ka gani!"

Hayaniya ta tashi, ɗan sanda ya matso. Laraba ta ce Ya Gana ta koma gefe, in layi ya ragu za ta sake gwada ta, ba za ta rufe ba sai ta gwada. Ya Gana ta koma jikin bangon aji ta tsuguna.

Nan ta wuni. Matan unguwa suna ta wucewa da farin yatsansu ɗaya, kowace ta ɗora sai ta wuce. In sun fito sai su biyo ta wurinta, kowace da shawara. Wata ta ce ta shafa man kai. Wata ta ce yawu. Malamin makarantar nan ya shiga aji ya kankaro mata garin alli. Wata tsohuwa ta tofa mata addu'a a tafin hannu. Ita dai tana ta kallon yatsun, tana juya su a rana, ko za ta ga layi ɗaya da dutsen ya bari. A ɗan ƙaramin yatsan hagu kamar akwai wani abu a gefe. Ta riƙe shi a cikin ɗaya hannun kamar ƙwai. Aka kira azahar ba ta tashi ba, tana tsoron kada a rufe tana salla.

Da layi ya ƙare Laraba ta yafuto ta. Aka fara daga ƙaramin yatsan. Aka kwantar da shi ta gefe, aka mirgina. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har wani ya tsage ya bar ɗigon jini a gilashin, Laraba ta goge da bakin rigarta. Aka sake fuska a rana, aka sake a inuwa, aka shiga aji aka tsayar da ita jikin bango ko duhun zai yi daidai da na hoton. Ya Gana ta ce a bari ta ja hijabin gaba kaɗan, haka yake a ranar. Ta ja. Ta ƙi.

Sai ta durƙusa a gaban teburin. Ba ta san lokacin da ta yi ba.

"'Yata, ga katina, ga sunana a takardarku, ga mutane sun san ni. Ki ba ni takardar in dangwala. Ba don gwamna ba ne, wallahi ko sunansa ban riƙe ba. Gidana ne. Akwai makauniya a ciki."

"A ba ta!" in ji Ya Fanna. Sauran matan suka ɗauka. "A ba ta! Mun san ta!"

Laraba ta zagayo ta kama kafaɗunta, idonta ya yi ja. "Mama, tashi, don Allah. Ni na yarda ke ce. Amma na'urar nan tana ƙirga duk wanda ta karɓa. In aka buɗe akwati aka ga takarda ta fi abin da ta ƙirga, ko da ɗaya ne, ana iya soke akwatin gaba ɗaya. Na kowa. Har na waɗannan da ke bayanki."

Talha ya ce, "Ki ba ta mana. Ni ban hana ba. Ki ba ta ki gani."

Ya Gana ta waiwaya. Matan da ke cewa a ba ta sun yi shiru, kowace tana kallon wani wuri. Ba wadda ta ce kada a ba ta, ba kuma wadda ta sake cewa a ba ta.

Ya Gana ta dafa ƙasa da bayan hannu ta miƙe. Ta karɓi katinta ta mai da shi cikin leda.

Ta je wurin Abdurrahim a ƙarshen benci. "Ɗana, ka dai gan ni. Tun kafin ku zo nake nan."

"Na gan ki, Iya."

"To ka gaya wa Alhaji."

Ya sosa ƙeya. "Zan gaya masa. Amma Alhaji bai ce in duba wanda ya zo ba. Wanda ya jefa ya ce."

Mutumin Alhaji ne ya ci. Aka yi ta wasa da babura a gari. Cikin azumi Ya Gana ta yi ta zuwa ƙofar gidan Alhaji Bahauddeen, wani lokaci a ce yana Bauchi, wani lokaci a ce yana barci. Ya Fanna ta raka ta, dattawan unguwa ma sun je sun yi magana. Bayan ƙaramar salla ta same shi zai shiga mota. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma ya ji tausayi. Ya ce amma hanya dole ta bi ta wani wuri, kuma ba zai ce ta bi ta kan wanda ya ba shi ƙuri'a ba. Ya ce ta yi haƙuri, yanzu maganar ta fi ƙarfinsa.

Da masu tsara gari suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, hanyar ta lanƙwasa ta kauce wa wasu gidaje, ta miƙe ta kan wasu. Gidan Ya Gana na cikin waɗanda aka shafa wa. Aka ce kafin ruwa ya sauka katafila za ta zo, wanda ke son kwanonsa da ƙofarsa ya cire da kansa.

Ya Fanna ta ce su dawo wurinta, ɗakin Humaira ba kowa. Ya Gana ta ce to. Ba ta ce yaushe ba. Ta ƙara kwanaki tana share tsakar gida kamar ba abin da ya faru, har ranar da aka ji ƙarar katafila a ɗaya bakin unguwar. Sai ta aro tsani da guduma a wurin wani kafinta. Shi ya ce zai zo ya cire mata in ya gama na wasu, ta ce ba za ta iya jira ba.

Ta ɗaure zane ta hau. Ba ta taɓa cire ƙusa a kwano ba, ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta yaga kwanon. Ta yi ta fama har ta gane yadda ake sa bakin gudumar. Falle na farko ya ɗago, ta zame shi ƙasa a hankali ya jingina da bango. Rana ta faɗa cikin ɗakin, daidai kan tabarmar da tsohuwa ke zaune.

Tsohuwar ta ɗaga fuska tana lalube da hannu. "Ya Gana? Wa ya buɗe ɗakin?"

"Ni ce, Iya."

"Zafi nake ji a kaina."

"Matsa ki koma ɗayan ɗakin," in ji Ya Gana, tana neman ƙusa ta gaba. "Shi da saura."